Masu sabbin masana'antun sabulu a Garwa, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Na gaji wallahi, duk wanda ya samu ɗan jari ya fara dafa sabulu sai ya faɗa ramin da na faɗa. Wai kyautata wa unguwa shi ne raba shinkafa da sallah a ɗau hoto a sa a Facebook, alhali ruwan sodarka, wato sinadarin nan mai cin fata da ake haɗa sabulu da shi, na bin kwata yana wucewa ƙofar gidajen mutane.

Ruwan nan shi ne babban laifi, kuma ni ya taɓa cina. Shekarar da na fara, ruwan wankin tukwane kawai muke kwararawa baya, da damina ya gangara mayo, wato rafi, mayo kuma ai kogin Binuwai za shi, inda masunta ke neman abincinsu. Rannan yaran maƙwabci suka shiga wasa a kwatar, ƙafar ɗaya ta saluɓe. Aka kai ni gaban jauro, wato mai unguwa, na biya kuɗin magani, wata biyu uban yaron ko sallamata ba ya amsawa, kuma da gaskiyarsa. Soda ba wasa ba ce, a ma'aunin pH, wanda ke nuna ƙarfin soda ko tsami a ruwa, tana kaiwa 14, ruwan kirki kuwa wajen 7 yake. Yanzu rami na gina na shafe da siminti, ruwan ya kwana ciki, in zuba masa ruwan tsami kaɗan kaɗan ina gwadawa da takardar pH, sai ya sauko kusa da 7 nake sakinsa. Wasu na cewa ɓata kuɗi ne, to su je su gani.

Sai jarkoki da duro da suka ƙare. Kai malam, ka sayar wa mai ruwa jarkar sinadari saboda sefa 500, ya cika ta ya kai gidan mai jego, ina imaninka? Ni ɗauraye su nake in huda gindinsu da wuƙa, ko kyauta ba na bayarwa.

Ƙananan kurakurai kuma: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan soda ba, in ba haka ba ta tafasa ta fantsamo maka a ido. Kar a jiƙa ta a tukunyar alminiyam, cinye ta take tana fitar da iska mai kamawa da wuta. Safar hannu da tabarau kai za ka saya wa yaranka, ba a cire a albashinsu. Rubutun jikin buhun soda in da Faransanci ya zo, ka zauna ka karanta musu da Hausa ko Fillanci tun ranar da suka fara aiki.