Yadda ake shirya samfurin tsoka don dubawa a madubin likita

Ɗalibin kimiyyar gwaje-gwaje da ya fito daga Zangon Kumasi ya je koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, ya kamata ya san cewa aikin yana gyaruwa ko lalacewa tun daga matakin farko. Da zarar an yanko tsoka, a tsoma ta cikin ruwan fomalin (sinadarin da ke hana tsoka ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda yawansa ya ninka girmanta aƙalla sau 10, domin a zafin ƙasarmu tsoka ba ta jimawa take fara ruɓewa, kuma babu rinin da zai maido da abin da ya ruɓe. Kada kaurin yankin ya wuce milimita 4, a kuma bar shi cikin fomalin ɗin kamar awa 24.

Daga nan sai a janye ruwan jikinta da alkohol, daga mai ƙarfin kashi 70 har zuwa mai kashi 100, a wanke da zailin (ruwan sinadarin da ke fitar da alkohol ɗin), a zuba ta cikin narkakken kakin farafin. Idan kakin ya daskare, a ɗora shi kan ƙanƙara kafin a yanka da maikirotom (na'urar yanka tsoka siriri sosai) zuwa kaurin maikiron 4 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), saboda kaki mai laushi yana tattare yankan.

Wajen rini, bayan an ɗora yankan a kan gilashi, a cire kakin da zailin, a maido wa tsokar da ruwan jikinta, sannan rinin da ake kira hematoksilin ya rina cibiyar ƙwayoyin halitta shuɗi, wani rinin kuma mai suna iyosin ya rina sauran jikinsu ruwan hoda. A sake busarwa da alkohol, a rufe da siririn gilashi, a rubuta lambar majiyyaci a kai.