Kurakuran da ake yi game da ɓallewar tantanin ido

Tantanin da ke shimfiɗe a can bayan ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira ratina, shi ne yake karɓar haske ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da zarar ya ɗago daga bangon da yake manne da shi, ya rabu ke nan da jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne jira, domin wannan cuta ba ta zuwa da zafi, idon ma ba ya yin ja. Mutum zai ga walƙiya a gefen ido, ko ɗigo-ɗigo baƙaƙe su yawaita farat ɗaya suna yawo kamar ƙudaje, ko wani duhu ya fara rufe gefe guda kamar an ja labule, sai ya ce gajiya ce, ko ya nemi maganin ɗigawa. Gyaran shi ne a ga likitan ido a ranar, a faɗaɗa baƙin tsakiyar idon da maganin ɗigawa a duba bayan idon, tun ɓallewar ba ta kai tsakiyar tantanin ba, wato makula, wadda da ita ake karatu da gane fuskoki.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar cewa ɓallewar iri ɗaya ce, alhali kuwa iri uku ce. Wadda aka fi samu tana farawa ne da yagewa ko huda. Ruwa mai yauƙi da ya cika cikin ido yana tsukewa yayin da shekaru suka ja, sai ya fizgi tantanin ya yaga shi, ruwa ya bi ta kafar ya taru a ƙarƙashinsa. Masu tsananin rashin hangen nesa, da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, da waɗanda suka bugu a ido sun fi shiga wannan haɗari. Likitan ido Jules Gonin na birnin Lozan a Suwizalan ne ya nuna a shekarun 1920 cewa toshe kafar shi ne maganin, kuma har yau a kan wannan ake tafiya. Idan an tarar da yagewa kawai, ana iya liƙe ta da hasken leza ko da daskarewa ba tare da babban aiki ba, abin da a ganina ya isa hujja a kan masu jira.

Iri na biyu ba ya buƙatar huda, tabo ne yake tsirowa a kan tantanin ya riƙa jansa a hankali har ya ɗago. An fi ganinsa ga masu ciwon sukari da ya daɗe, da masu sikila, da jarirai bakwaini. Kuskuren masu ciwon sukari shi ne zaton cewa tunda suna gani sarai babu abin da ke faruwa, alhali ya kamata a duba bayan idonsu aƙalla sau ɗaya a shekara. Na ukun kuwa ruwa ne yake tsattsafowa ya taru ba tare da huda ko ja ba, sanadiyyar kumburi a cikin ido, ko ƙari, ko hawan jini mai tsanani irin na wasu masu juna biyu. A nan sau da yawa ba tiyata ake fara nema ba, cutar da ta haddasa shi ake magancewa.

Bayan aiki ma ana yin kuskure. Idan likita ya sa iskar gas a cikin idon domin ta danne tantanin, dole ne a riƙe kai yadda aka umarta na kwanakin da aka ɗiba, kuma ba a hawa jirgin sama ko tsauni mai tsawo har sai iskar ta ƙare, saboda tana kumbura a sama ta ɗaga matsin ido. Wata iskar tana ɗaukar kimanin mako 2, wata kuwa tana kaiwa mako 8. Idan man silikon aka sa a cikin idon a maimakon iskar, galibi sai an sake wani aikin domin a cire shi. Ɗaya idon ma yana buƙatar a riƙa duba shi, domin haɗarinsa ya fi na wanda bai taɓa samun matsalar ba.