Kurakuran da muke yi wajen tara karatu da waƙoƙi a waya, da yadda ake gyara su

Wani dare bayan isha'i, kawuna da ke jigilar masu Umra tsakanin Makka da Madina ya same ni a Shara Mansur da ke Makka. Ya warware wata 'yar takarda, ya ciro memori, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Wayar ta mutu, na sa shi a sabuwa, ta ce wai sai an goge shi." Abin da ke ciki ba ƙarami ba ne: tafsirin malaminsu na gida, Allah ya jiƙansa, wanda aka kwafo daga kaset, da saukar Alƙur'ani ta masu karatu huɗu, da waƙoƙin da yake kunnawa idan barci ya fara fizgarsa a hanya. Na sa shi a kwamfuta, na gwada duk dabarar da na sani, ko fayil ɗaya bai fito ba. Na ce, "Kawu, sai haƙuri." Ya daɗe bai ce komai ba.

Ga abin da ya faru. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, wayoyi da yawa suna tambaya idan an sa sabon memori: a haɗe shi da ma'ajiyar cikin waya, ko a bar shi mai cirewa? Kawu ya zaɓi na farko don a ƙara masa wuri. Wannan zaɓin yana kulle memorin da mabuɗin da ke cikin wayar kaɗai, idan ta mutu ko aka yi mata fomat, mabuɗin ya tafi da ita. Mai tara sauti ya riƙa zaɓar na biyu. Wanda kuma ya riga ya yi na farko, ya kwashe komai zuwa kwamfuta tun wayar na da rai, ya sake fomatin memorin a matsayin mai cirewa, sannan ya mayar da kayansa.

Amma kuskuren da ya fi wannan girma shi ne a ce kwafi ɗaya tak mutum yake da shi. Waya aljihu ce, ba rumbu ba. Tana faɗuwa a cunkoson ɗawafi, ana mantawa da ita a gaban mota cikin zafin Yuli, yaro yana tsoma ta a ruwa. Ka raba kayanka gida biyu. Karatun limaman Harami da waƙoƙin da suka yi tashe, ko yau suka ɓata gobe za ka same su. Wanda aka kwafo daga kaset, da waƙar bikin gidanku, da muryar mahaifiya tana yi maka addu'a, waɗannan idan sun tafi sun tafi. Su ne za ka fara ajiyewa a kwamfuta ko hadis (hard disk), ka kuma ba wani ɗan'uwa kwafi a wani gidan. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, duk da cewa Gmail da hotunanka ma daga ciki suke ci. MP3 mai ingancin 128 yana cin kusan mega ɗaya a minti, ke nan giga 15 zai ɗauki wajen awa 250. Ka kuma tuna cewa iPhone ba ta da gurbin memori, Samsung ma ta cire shi daga manyan wayoyinta tun Galaxy S21 a 2021, don haka kafin ka sauya waya ka san inda kayan za su sauka.

Memorin bogi ni ma ya taɓa cin amanata. Na saye shi da araha, an rubuta giga 128 a jikinsa, waya ma ta nuna haka. Irin wannan an sauya masa lissafi ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Da zarar ka wuce ainihin abin da yake iya ɗauka, sai sabon abu ya hau kan tsoho ko ya bi iska, sunaye suna nan jere amma ka danna shiru. Kafin ka damƙa wa sabon memori amana, ka gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta, za ta cika shi ta sake karantawa ta gaya maka gaskiyarsa. Idan kuwa ka ga na 128 ya nuna 119 a kwamfuta, kada ka tayar da hankali, bambancin lissafi ne tsakanin 1000 da 1024, ba algus ba ne.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi cin lokaci kuma ita aka fi rainawa. Buɗe wayar kusan kowannenmu, za ka tarar da ɗaruruwan fayiloli masu farawa da AUD, sai kwanan wata, sai WA da lamba. Haka WhatsApp yake sa musu suna, kuma bayan wata uku ba wanda zai iya cewa wannan wa'azi ne ko tallar magani. Ranar da abu ya shigo, ranar za ka saurare shi, ka sa masa suna, ka fitar da shi daga foldar WhatsApp zuwa taka. Muddin yana can, ranar da ka goge hira ka amince a haɗa da kayan cikinta, ya tafi.

Wajen sa lamba ma akwai tarko. Idan ka jera surori 1, 2, 3 har 114, rediyon mota da ƙananan na'urorin MP3 da yawa harafi-harafi suke bi, ba ƙidaya ba. Sai a gama Fatiha a faɗa Yunus, sura ta 10, daga nan sai Adiyat, ta 100, Baƙara kuwa sai can bayan ta 19. Maganin shi ne lamba uku-uku: 001, 002, har 114. Tafsirin azumi kuma a fara da shekara sannan rana, kamar 1445-01, 1445-02. Wasu na'urorin ma ba ruwansu da suna, yadda aka zuba fayilolin a filas haka suke bin su. Idan taka irin wannan ce, ka share filas ɗin ka sake zubawa folda-folda, a jere.

Akwai kuma sunan ciki, wanda ake kira ID3. Manhajojin kunna sauti shi suke karantawa, ba sunan fayil ba, shi ya sa za ka gyara suna amma har yanzu ka ga adireshin shafin da aka sauke abin. A nan Saudiyya matsalar ta ninka, domin muna haɗa Larabci da Hausa: tsofaffin fayiloli sukan mayar da Larabci wasu alamomi marasa kan gado, ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma alamar tambaya. Manhajar Mp3tag tana gyara ɗaruruwa a zama ɗaya. Ka adana da ID3v2.3 mai UTF-16, wanda yawancin na'urori suke ganewa. Ka tsaya kan rubutu ɗaya ga kowane suna. Idan nan ka rubuta Sudais, can Sudes, wani wuri da Larabci, waya mutum uku za ta lissafa.

Abin da ni kaina ba na so in gani shi ne a zube karatu da waƙa wuri guda, a kunna a gauraye. Ka ɗauko alhazai an nufi Madina, ana cikin aya sai kiɗa ya ɓarke. Kowanne da foldarsa, a kuma kunna ta folda. Saƙonnin murya da ke kutsowa cikin jerin, fayil fanko mai suna .nomedia a cikin foldarsu yana ɓoye su daga manhajar sauti.

Sauran a taƙaice. Memori ko filas daga giga 64 zuwa sama yawanci da tsarin exFAT yake zuwa, tsohon rediyon mota kuwa FAT32 ya sani, don haka ka ware wa mota na giga 32. Tura-ni-in-tura-ka da Xender yana tara abu ɗaya sau huɗu, manhajar Files by Google tana zaƙulo su. Mayar da MP3 na 128 zuwa 320 ba ya ƙara masa daɗi, wuri kawai zai ci ninki biyu da rabi. Abin da ka sauke a cikin Spotify kuma ba fayil ɗinka ba ne, idan ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba zai daina yi.

Tafsirin Kawu kuwa, mun bi 'yan'uwan da ya taɓa tura wa ta WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, daga Jidda har gida. Mun samo daga Baƙara zuwa Ma'ida, da wasu darussa warwatse na izifin ƙasa. Yanzu suna wuri uku, kowanne da lambarsa. Ragowar har yau muna cigiya.