Yadda Ake Gane Ko Kamfanin Intanet Ne Ya Shaƙe Maka Layi

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, fara da kayan da ke hannunka, don yawancin abin da ake ɗauka shaƙewa ce, wato kamfani ya rage gudun layi da gangan, daga cikin gida yake fitowa. Ka kashe Wi-Fi, ka haɗa kwamfuta da rauta ta kebul, ka cire sauran na'urori daga layin. In awo ya tsaya a wajen Mbps 94 alhali ka sayi 200, kebul ɗin ne ko kafar rautar mai ɗaukar Mbps 100 kacal. Waya ɗaya ta tsinke a cikin takwas ɗin da ke cikin kebul ta isa ta jawo haka. Ka kuma lura da lissafi: kamfani da bit yake sayarwa, manhajar saukarwa kuma da bait take nunawa, bit takwas ne bait ɗaya. Layin Mbps 20 ba zai wuce MB 2.5 a daƙiƙa ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

In cikin gida ya fita daga zargi, sai a koma ga awo. Awo ɗaya ba ya zama hujja. Ka gwada da asuba, da rana, da kuma tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare, har tsawon mako guda, kana rubuta gudun saukarwa da na ɗorawa da jinkirin amsa. Kada ka tsaya kan shafin awo guda. Sabar awon ta kan kasance a cikin cibiyar kamfanin da kansa, awon kuma gajere ne, sai ya ƙare kafin takunkumin ya kama. Ka haɗa da Fast.com, wanda ke jawo bayanai daga sabobin Netflix, da awon M-Lab, wani dandalin awo mai zaman kansa, sannan ka saukar da babban fayil na kamar GB 1 kana kallon zanen gudun daga farko har ƙarshe.

A zanen nan ne amsar take. Cunkoso ba shi da tsari: gudu ya hau ya sauka, yau 6, gobe 11, jinkiri ya yi ta tsalle, da asuba kuma komai ya warware. Shaƙewa da gangan kuwa tana da tsabta. Gudun zai fara da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, sai ya faɗo ya miƙe sambal a kan lamba ɗaya, kamar Mbps 1 ko kbps 512, ko da ƙarfe uku na dare ne. Na'urar da ke yin wannan aiki tana riƙe wa kowane layi abin da injiniyoyi ke kira bokitin alamomi: ana ɗiga alamomi a cikinsa da gudu ƙayyadadde, kowane ƙunshin bayanai sai ya ci alama kafin ya wuce. In layi ya huta bokitin ya cika, shi ya sa farkon yake da sauri. Da ya ƙare, sai ka koma kan gudun ɗigon.

Abin da ake yi da rarar bayanan da ba su samu alama ba ma ana iya gane shi. Ka bar ping, umarnin da ke auna jinkirin amsa, yana tafiya yayin da kake saukarwa. In jinkiri ya tashi daga milidaƙiƙa 30 zuwa ɗaruruwa amma ba a rasa ƙunshi sosai, jera su ake yi suna jira. In jinkiri bai motsa ba amma ƙunshi na ɓacewa, zubar da rarar ake yi. Zubarwar ta fi illa, domin TCP, tsarin da ke kula da isar da bayanai, yana ja da baya duk lokacin da ya rasa ƙunshi, sai ka samu ƙasa da adadin da aka ƙayyade maka.

Saura a gano me ake shaƙewa, kai ne gaba ɗaya ko wani nau'in aiki. Ka maimaita abin da ke yin nauyi ta cikin VPN, manhajar da ke ɓoye wa kamfani irin bayanan da kake turawa. In bidiyo ya saki ta VPN alhali a layi tsirara yana maƙalewa, akwai alamar kamfanin yana leƙa nau'in bayanan yana ware su. Alama ce kawai, don VPN yana sauya hanyar da bayanai ke bi, wataƙila mahaɗar da ta cunkushe ya kauce wa. Manhajar Wehe, ta masu bincike a Jami'ar Northeastern a Amurka, ta fi kaifi a nan: tana aika bayanai masu kama da na YouTube, ta sake aika su a hargitse yadda na'ura ba za ta gane su ba, ta hanya ɗaya, sannan ta kwatanta. In kuma komai ya yi nauyi har da VPN, ka duba yawan datar da ka ci a watan. Tsarin da ake tallata shi da “ba iyaka” galibi yana da sharaɗin amfani daidai kima a ƙananan rubutu, kuma a nan ake faɗin adadin da in ka wuce za a rage maka gudu.

Hanyoyin sun sha sauyawa. A 2007 aka gano kamfanin intanet na Comcast a Amurka yana cusa ƙunshin RST (umarnin yanke haɗi) na jabu don katse masu amfani da manhajar musayar fayiloli ta BitTorrent, hukumar sadarwa ta FCC ta tsawata masa a 2008, sai ya koma tsarin da ba ya duba nau'in aiki: in yanki ya cunkushe, wanda ya ci kashi 70 cikin ɗari na gudunsa na tsawon minti 15 sai a mayar da shi baya a layi. Irin wannan ba ya nuna miƙaƙƙen zane, kuma VPN ba ya maganinsa.

Ɗan sari, wato mai sayen layi da yawa ya raba wa nasa kwastomomi, shi ya fi shiga tsaka mai wuya, don shi ake yi wa ƙorafi kan abin da ba shi ya yi ba. A 2008 kamfanin sadarwa na Bell Canada ya fara shaƙe layukan ƙananan kamfanonin da ke sari a wurinsa. Suka kai ƙara hukumar sadarwar Kanada, CRTC, ba su yi nasara ba, sai a 2009 hukumar ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta bayyana irin wannan mataki tun kafin a ɗauka. Ba ko'ina ake da wannan kariya ba, saboda haka yarjejeniyarka ce garkuwarka. Ka sa a rubuta gudun da aka lamunce maka a kowane lokaci daban da gudun da za ka iya kaiwa in hanya ta yi sarari. Ka tambayi mutum nawa kuke raba layin. 1:1 naka ne kai kaɗai, 1:10 kuwa Mbps 100 ɗinka na iya komawa 10 da daddare ba tare da an karya alkawari ba. A rubuta ko ana ware wani nau'in bayanai, da tsawon sanarwar da za a ba ka kafin a sauya tsari.

In da ma'aunin kashi 95 ake cajinka, ka fahimci lissafin. Ana ɗaukar awon gudun da kake ci duk minti 5, wato 8,640 a wata mai kwana 30, a zubar da 432 mafi girma, a caje ka kan na gaba da su. Kana da awa 36 ke nan a wata da za ka iya wuce gona da iri kyauta, ta 37 kuma ita za ta yanke kuɗin watan duka.

Don awo, ka ajiye sabar iperf3, manhajar gwada gudu tsakanin na'urori biyu, a wajen cibiyar mai ba ka layi. Ka gwada da iperf3 -c sai adireshin sabar, ka ƙara -t 60 don ya wuce lokacin bokitin, -R don ɓangaren saukarwa. Ka yi da haɗi ɗaya, sannan da -P 8. In takwas sun cika layin amma ɗaya ya gaza, ko dai ana ƙayyade kowane haɗi ne, ko nisan sabar ne ya hana. Ka sauya zuwa sabar kusa don ka rarrabe. Ka sauya lambar ƙofa (port) ma, 5201 sannan 443, ka ga ko akwai bambanci.

Sannan ka riga su shaƙe kanka. Ka saita rautarka a kan kashi 90 zuwa 95 na gudun da kake samu da gaske, da tsarin rabon gudu irin CAKE ko fq_codel, ko PCQ in rautar MikroTik kake amfani da ita. Da haka jerin jiran zai dawo cikin na'urarka, inda kai ke rabo, mai saukar da manyan fayiloli ba zai kashe wa mai kiran murya magana ba. Masu sari da yawa suna ƙyashin wannan kashi biyar zuwa goma ɗin, alhali zubar da ƙunshi a gefen mai ba su layi ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Lokacin kai ƙorafi, ka tura zanen mako guda daga kafar da ta haɗa ku da mai ba ka layi, da sakamakon iperf3 mai kwanan wata da lokaci, da fitowar manhajar bin sawun hanya ta mtr da ke nuna inda ƙunshi ya fara ɓacewa har zuwa ƙarshen hanya. Ka nemi lambar ƙorafi, ka nemi a faɗa maka a rubuce tsarin gudun da aka ɗora wa layinka.