Yadda baƙo zai sami kiɗan gargajiya da abokan hira a Argungu

Da farko, idan ka sauka a tashar Argungu ba ka san kowa ba, ka nemi masauki, sannan ka je ka gaida mai unguwar wurin ka faɗa masa abin da ya kawo ka, domin shi ne zai haɗa ka da wanda zai yi maka jagora.

Daga nan ka ziyarci gidan tarihi na Kanta, inda za ka ga kayan tarihin Kabawa, kuma ma'aikatansa sun san gidajen makaɗan fada. Ka tambaye su lokacin da ake busa algaita da kakaki a ƙofar fada.

Kada ka raina kasuwa. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, saboda haka Sarkin Pawa ko yaransa sun fi kowa sanin inda za a yi biki ko dambe a makon, musamman bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu kuma aljihu ya yi nauyi.

Idan zuwanka ya dace da bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, to ka sauka bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun kifin, da sassafe, ka ji makaɗa suna zuga masunta daga cikin kwale-kwale.

A wurin wasa ka tanadi canji don liƙi, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto da waya. In an tashi, ka bi jama'a zuwa teburin mai shayi, ka yi sallama, ka bar su su fara tambayarka daga ina kake.