Yadda za ka koyi rawar masuntan Padhar

Ranar da na fara gwada wannan rawa, tsaye na miƙe ina ta neman takun ƙafa, na shafe awa guda ban kama komai ba. Ashe a gadon baya da kafaɗa rawar take, domin tuƙin kwale-kwale ake kwaikwayo. Saboda haka zauna tukuna.

Mutanen Padhar masunta ne kuma matuƙa jirgi, suna zaune a ƙauyukan bakin tafkin Nal Sarovar, a yankin Bhal na jihar Gujarat da ke yammacin Indiya, kimanin kilomita 60 daga birnin Ahmedabad. Tafkin yana da faɗi amma ba shi da zurfi. Tun 1969 aka mai da shi mafakar tsuntsaye, kuma idan sanyi ya shigo, baƙi kan zo kallon tsuntsaye masu ƙaura, 'yan Padhar su ɗauke su a jirgi. In Allah ya kai ka can, bar tsuntsayen na minti biyar ka zuba wa matuƙin ido: yadda yake sunkuyawa, yadda yake jan jiki baya. Rabin darasin ke nan.

Kayan aiki ba su da yawa. Gajerun sanduna biyu, ko kuma manjira, wato 'yan faya-fayan tagulla guda biyu masu igiya da ake haɗawa su yi ƙara. Ni manjira na fi so, amma tana da sharaɗi. Igiyar za ka naɗa a yatsa, kada ka damƙe ƙarfen da tafin hannu. Da ka damƙe shi, sautin ya mutu, sai ka ji "ƙwaf" maimakon amon da ke daɗewa a kunne. Kuma baki da baki ake gogawa, a ɗan karkace.

Ku samu mutum shida ko takwas, ku zauna a shimfiɗa mai kauri, kowa ya bar wa maƙwabcinsa tazarar hannu. Ku sunkuya gaba tare, hannuwa a miƙe kamar an tsoma filafili a ruwa, sannan ku ja baya a hankali har gwiwar hannu ta wuce haƙarƙari. A ƙarshen jan ake bugawa. Yawancin masu koyo a farkon sunkuyo suke bugawa, sai abin ya koma tafi kawai, nauyin ruwan ya ɓace. Ka ji a jikinka cewa akwai abin da kake turewa. Maimaita wannan har sai bugun mutum takwas ya fito tamkar na mutum ɗaya, ko da zai ci muku mako.

Daga nan sai igiyar ruwa, kuma nan ne daɗin yake. Na farko ya karkata dama, na biyu ya bi shi bayan ƙiftawar ido, haka har ƙarshen layi, sannan a dawo ta hagu. Wanda ya yi gaggawa ya ɓata wa kowa, shi ya sa nake sa mai haƙuri a tsakiya, mai rawar kai kuwa a ƙarshe inda ɓarnarsa ba za ta yaɗu ba.

Mafi wuya shi ne kwantawa da baya a taso ba tare da manjira ta yi shiru ba. 'Yan Padhar suna yi kamar wasa. Kai kada ka yarda ka fizgo kanka da wuya. Ɗaure ciki, ka taso da numfashi a waje. Sau biyar ya isa a ranar farko, in ba haka ba gobe dariya ma za ta gagare ka.

Waƙoƙinsu na ruwa ne, kuma da harshensu ake rera su. Kafin ka iya baitin, sa mutum ɗaya ya riƙa ƙirga bugu da baki. Ku fara a sanyaye, ku ƙara sauri kaɗan-kaɗan, kuma duk lokacin da kuka ji bugu ya rabu biyu, ku tsaya cak ku koma saurin farko.