Masu mota otomatik, ga shawara kan cunkoso

Ɗan'uwa, in cunkoso ya tsare ka fiye da minti ɗaya, mayar da giya N (wato firi, inda injin ba ya jan motar), ka ja birkin hannu.

A gadar Wudil na koyi wannan, ranar Juma'ar kasuwa. In kana D (giyar tafiya gaba) ƙafarka na kan birki, injin na ta ƙoƙarin jan motar, kai kana danne ta. Man giya sai ya yi ta ɗaukar zafi, balle a ranar bazara, fetur kuma na ƙonewa. A N kuwa injin yana sakewa, ƙafarka ma ta huta.

Amma in ana ɗan matsawa ana tsayawa, bar ta a D, yawan canjin wahala ne kawai.

Kuma don Allah kada ka sa N mota na tafiya, musamman a gangara. Birki kaɗai za ka bari da nauyin motar.